Kujera Amana Ce: Nasiha Ga Ɗana Kafinta

 Labarinka yana iso mini daga bakin mutanen Isa da na Sabon Birni, har da masu dawowa daga cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Kowa cewa yake hannunka na da sauri, fentinka na ɗaukar ido, ƙofar shagonka kuma ba ta rabo da masu kawo aiki. Na gode wa Allah, domin a gabana ka fara riƙe zarto, kuma duk alherin da ya same ka ni ma ya same ni. Sai dai akwai magana guda da ta tsaya mini a rai, wadda in na haɗiye ta na ci amanar mahaifinka da ya damƙa mini kai. Ka saurara da kunnen basira, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na leƙa wata makaranta a nan Bafarawa, wadda iyayen yara suka yi karo-karo bayan kaka suka ba ka aikin bencunanta. Ko shekara ba su cika ba. Na tsaya bakin taga ina kallon 'yan aji biyu. Tsakiyar benci ta lotsa, yaran gefe suna zamewa suna danne na tsakiya, shi kuma yana ture su da gwiwar hannu, malam yana ta tsawa yana zaton rashin ji ne. Ƙafafunsu duk reto suke, ba wanda tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Wata yarinya ta cusa ɓarin bulo ƙarƙashin ƙafar benci don ya bar rawa. Da na shafa katakon sai na ji kawunan ƙusa sun ɗago, na kuma ga inda ɗaya ta yage wa wani yaro wando. Na kifa benci ɗaya na duba cikinsa: katako ne mai kaurin inci 1, tsawon ƙafa 6, an kafa masa ƙafafu huɗu da ƙusa, babu sanda ko ɗaya da ta tallafe shi, an rufe komai da shuɗin fenti. Ɗana, ba haka na koya maka ba.

Ka san abin da ya raba kujera da sauran kayan da muke yi? Mai sayen turmi yakan ƙwanƙwasa shi ya ji amonsa, mai sayen ƙyaure yakan buɗe ya rufe. Amma baƙon da aka ce wa bismillah ga wuri, ba ya duba komai. Baya yake juyawa ya saki jikinsa gaba ɗaya kan abin da bai ko kalla ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu, yaron da aka kai makaranta jiya, duk sun dogara da hannun mutumin da wataƙila ba su taɓa gani ba. Wannan amanar kashi biyu ce: kada kujera ta kayar da mutum, kada kuma ta riƙa cin jikinsa a hankali. Na farko kowa yana ganinsa ranar da ya faru. Na biyu sai bayan shekaru yake bayyana, ranar da tela ya fara dafe ƙugu kafin ya miƙe daga bakin keke.

Mu fara da jikin mutum, tunda shi ake yi wa aikin. Ka zauna kan tafin hannunka a bisa dakali, za ka ji ƙasusuwa biyu masu tsini a ƙarƙashin mazaunai. In mutum ya zauna kan shimfiɗaɗɗen katako mai tauri, mafi yawan nauyin gangar jikinsa kan waɗannan biyun yake taruwa, a ɗan ƙanƙanen wuri. Fata da tsoka su matse, jini ya kasa gudana yadda ya kamata, sai ka ga mutum yana mutsu-mutsu, ya karkata dama ya karkata hagu, can kuma ƙafa ta sage. Aikinka shi ne ka raba wannan nauyi gida huɗu: mazaunai su ɗauki nasu, cinyoyi su ɗauki nasu, tafin ƙafa ya sauke wani a ƙasa, baya ya miƙa sauran ga majingina. Duk gidan da ka hana wa rabonsa, sauran ukun ne za su biya.

Masassaƙanmu na da sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Dubi 'yar tsugunnon kakarka. An ɗan fafe samanta da gizago ya yi kwari kaɗan, daidai yadda jiki zai kwanta, an kuma goge bakinta ya zama ba shi da kaifi. Shi ya sa mace ke wuni a kanta tana tsinta da tankaɗe da tuƙi. Gobir kuwa ƙasar doki ce tun zamanin Alkalawa, lokacin su Sarki Bawa Jan Gwarzo a ƙarni na 18, kuma duk mai haɗa sirdi ya san cewa icen sirdi gefe da gefen ƙashin bayan doki yake kwanciya, ƙashin kansa a bar shi a sarari, a kuma shimfiɗa abu mai taushi a ƙarƙashi. In gefe ɗaya ya fi danna, kwana kaɗan doki ya yi miki, a ɗaure shi a turke ana jinya. Mai jaki ma sai ya gyara zaman akumari kafin ya ɗora mangala. To in dabba ta cancanci wannan kulawa, ina ga ɗan mutum?

Yanzu ga awo, ka rubuta shi a bangon shago inda yaranka za su riƙa gani. Kujerar babban mutum, daga ƙasa zuwa mazauni, inci 17 zuwa 18. Abin da ake nema shi ne tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, cinya ta miƙe, gwiwa ta lanƙwashe ba tare da ta ɗago sama ba. In ka ƙara tsawo, ƙafa ta yi reto, bakin katako ya datse ƙarƙashin cinya. In ka rage da yawa, gwiwa ta tashi, cinya ta bar katako, nauyi ya koma kan ƙasusuwan nan biyu. Zurfin mazauni daga gaba zuwa baya, inci 16 zuwa 17, yadda in mutum ya jingina za a iya zura yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa. Faɗi kada ya gaza inci 18. Bayan mazauni ya fi gabansa sauka da rabin inci zuwa inci 1, don jiki ya riƙa komawa wajen majingina maimakon zamewa gaba. Bakin gaba kuma ka goge shi ya yi santsi, ya ɗan sunkuya.

Majingina ita ce inda kafintoci da yawa ke ɓata aiki. Suna tsayar da ita cak, don haka ya fi sauƙin yanka, alhali bayan ɗan Adam ba a miƙe yake ba. Akwai ɗan kwari a ƙugu, sama da ɗamara kaɗan, kuma nan ne ya fi bukatar tallafi. Ka kwantar da majingina baya da inci 2 zuwa 3 a kowane inci 12 na tsawonta, ka sa sandar da za ta tokare ƙugu tsakanin inci 6 zuwa 9 daga mazauni. In da hannuwa, su tashi inci 7 zuwa 9, yadda kafaɗa za ta sauka ta huta. In da tebur, ka bar inci 10 zuwa 12 tsakanin saman kujera da saman tebur.

Wannan duk awon babba ne. Kuskuren da ka yi a makarantar can shi ne ka yi wa ɗan shekara bakwai bencin ɗan shekara talatin. 'Yan aji ɗaya da biyu inci 12 ya ishe su, na tsakiya wajen inci 14, 'yan aji shida inci 15. Ba sai ka haddace ba ma. Ka ɗauki tef ka je makarantar, ka zaunar da yara kaɗan daga kowane aji, ka auna daga diddige zuwa bayan gwiwa. Tsoho kuma nasa daban. Kujerun nan na falo masu zurfi da laushi, waɗanda mutum ke nutsewa ciki, azaba ce ga mai ciwon gwiwa, don sai an kama shi kafin ya tashi. Ka yi masa mai ɗan tsayi, inci 18 zuwa 19, mai ƙarfin mazauni, da hannuwa masu ƙwari da zai dafa. Haka wadda za a kai masallaci don dattijon da ya daina iya tsayuwa. Kafin ka taɓa zarto ka tambayi mai aiki: wa zai zauna, me zai yi a kai, tsawon wane lokaci? Bencin mai shayi, kujerar tela da ta liman ba awo ɗaya gare su ba.

Sai maganar icce. Kirya da marke da maɗaci da kanya, waɗanda iyayenmu suka yi aiki da su, sun yi ƙaranci, dajin da suka rage ma shigarsa ta zama kasada. Yawancin abin da kake yanka yanzu katakon kudu ne, wanda aka tsaga a ƙasar ruwa da raɓa aka loda a mota yana ɗanye. Ya iso nan ya gamu da hunturu da zafin bazara. Katako ba ya raguwa sosai ta tsawo, amma ta faɗi yana tsukewa ƙwarai: mai faɗin inci 12 na iya rasa kusan rabin inci kafin ya gama bushewa. Wannan tsukewar ce ke tsaga shi, ta karkata shi, ta sassauta ƙusa har kanta ya ɗago. Maganin ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. Ka jera katako a inuwa, sama da ƙasa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ka danne saman da abu mai nauyi, ka shafe bakunan da tsohon fenti don kada su tsage. Ka ware guntu ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Garin zarto ma yana ba da labari: na ɗanye yana dunƙulewa a hannu, na busasshe yana watsewa. Ka guji farin bayan icce, don shi gara da ƙwaro suka fi so, ka nemi zuciyar. Kada ka bari ƙulli ya faɗo a ƙafa ko a sandar da ke ɗauke da nauyi. Gindin ƙafafu kuma ka shafe su da maganin gara, tunda yawancin azuzuwanmu da zaurukanmu daɓen ƙasa ne.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Ka san hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin mai sayar da abinci, ya zura hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya tambaye shi don me bai fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani ba, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani kan algus. Ɗanyen katako da aka rufe da fenti, me ya raba shi da wancan tsibin? Ban ce ka yi niyyar cuta ba, na san tarbiyyarka. Sauri ne ya ja ka, kuma sauri ya haifi nawa.

Sai haɗi. Ƙusa ba ta riƙe kujera, domin kujera motsi take sha kullum: a ja ta, a jingina, a karkata ta kan ƙafafun baya. Kowane motsi yana faɗaɗa ramin ƙusa kaɗan kaɗan har ta saki. Haɗin da ke daɗewa shi ne ka huda rami a jikin ƙafa, ka fere kan sanda ya zama harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na sandar, ya shiga ramin dam, ka sa farin gam, ka soka tsinken icce ya ratsa su duka. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, an tarar da kujerun katako da suka haura shekara 3,000, kuma irin wannan haɗin ne a jikinsu. Nufawan Bida kuwa sukan kauce wa haɗi ɗungurungum, su sassaƙa kujera daga gungume ɗaya, mai ƙafafu da yawa a kewaye, nauyi ya rarrabu a kansu.

Ka kuma kula da yadda zaren icce ya bi. Ƙafar baya mai lanƙwasa, in ka yanke ta daga katako har zarto ya datse zaren, nan za ta karye ko da kauri gare ta. Wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet, da ya zauna a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya magance wannan ta hanyar turara icce da tururi ya tanƙwara shi, zaren ya bi lanƙwasar bai yanke ba. A 1859 ya fitar da kujerarsa mai lamba 14, guntayen icce shida ne kawai aka ɗaure da sukuru, ga ta sakayau yaro ma yana ɗauka. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50, kuma har yau ana yin ta. Darasin da ke ciki a gare ka shi ne ƙarfin kujera daga sanin icce yake fitowa, tula katako ba ya maye gurbin wannan sanin.

Ga lissafin da zai gyara bencunanka. Yara huɗu 'yan shekara goma sun kai nauyin babban buhun gero, kuma ba zaune suke shiru ba. Katako mai inci 1 ba zai ɗauki wannan a tazarar ƙafa 6 shi kaɗai ba. In ka ninka kaurin katako sau biyu, ƙin lanƙwasarsa yana ninkuwa sau takwas. In ka ɗauki tu-bai-fo ka tsayar da shi a gefensa maimakon ka kwantar, ya fi ƙin lanƙwasa sau huɗu, alhali iccen ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne. In ka ƙara ƙafa a tsakiya ka raba tazarar biyu, lotsawar tana raguwa sau takwas ko fiye. Saboda haka sanduna biyu a tsaye ƙarƙashin mazauni, ƙafa a tsakiya, sanda ta haɗa ƙafafu ta ƙasa, da ɗan guntu a karkace a kowace kusurwa don hana rawa. Ƙafafun su ɗan buɗe waje kaɗan, yadda in yaron ƙarshe ya rage shi kaɗai a baki benci ba zai ɗaga ya kayar da shi ba. Kowane yaro ka ba shi inci 16 zuwa 18 na zama.

Kushin ma haka. Soso mai arha yana da daɗin taɓawa a shago, wata kaɗan ya mutu, mutum ya koma zaune kan katako. Ka danna shi da tafin hannu: in ka ji katako, bai isa ba. Mai nauyi a hannu, wanda ke tasowa nan da nan in an sake shi, shi ke daɗewa. Laushi da yawa ma cuta ne, don yana barin ƙugu ya nutse baya ya lanƙwashe.

Na san abin da za ka ce: Baba, kuɗin da suka bayar bai kai ba, katako ya yi tsada, direbobi suna tsoron hanya, ga kujerar roba ta cika kasuwa. Duk gaskiya ne. Amma in kuɗi bai kai ba, baki ne zai yi aiki. Ka ce musu kuɗin nan zai yi benci goma masu ƙwari, ko goma sha biyar da ba za su ga damina biyu ba, su zaɓa da idonsu a buɗe. In dole a rage wani abu, a rage fenti da ado, a bar ƙashin aiki. Kujerar roba kuwa kada ta tsorata ka. Rana tana cinye ta har ta yi garas, in ƙafarta ta ɓalle ba gyara. Taka ana gyara ta, ana gadonta, kuma da wannan kaɗai za ka fi ta.

Ka tuna kuma su wa ke zama a bencunan nan. A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na ƙasa a 1999, da burin kowane yaro ya shiga aji, amma har yau akwai azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi a Nijar, wajen su Gidan Rumji, suna gudun 'yan bindiga, makarantu da yawa suka zauna a rufe. Uban da ya dawo ya sayar da 'yan tiyoyin geronsa don ɗansa ya sami wurin zama, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Yaron da ƙafarsa ta sage, hankalinsa ba ya kan allo.

Sana'arka ba ƙarama ba ce. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan tafiyar da mulki, ya lissafa masu aikin icce cikin masu sana'ar da jama'a ba ta wadatuwa sai da su, tare da manoma da maƙera da marina, ya ce shugaba ya kula da su. Wanda ya gaji wannan matsayi bai kamata a san shi da fenti kaɗai ba.

Abin da nake so ka yi shi ne ka je ka sami shugaban makarantar tun bai aiko maka ba, ka kwashe bencunan kashi kashi ranar da ba karatu, ka rage ƙafafun, ka sa sanduna, ka cire ƙusoshin da suka ɗago, kada ka karɓi ko sisi. Daga yau kuma kada kujera ta bar shagonka sai ka ajiye ta a daɓe mai daidai ka ga ba ta rawa, ka zauna a kanta tsawon shan shayi, ka karkata ta baya ka saurari ko za ta yi ƙara, ka kuma shafa ko'ina da tafin hannu. Yaran da ke koyo a wurinka idonsu na kanka, abin da suka ga kana bari ya wuce shi za su bari, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka koya musu awo kafin guduma. In damina ta sauka ka kai su bayan gari ku dasa maɗaci da dogon yaro, ku kewaye su da ƙaya saboda awaki, domin kafintan da zai zo bayanku ya sami abin yanka.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hannunka da abin da kake ci da iyalinka, ya tsare ka daga haƙƙin mutane, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir baki ɗaya. Amin.